Hayar Sabuwar Jif a Amurka: Yadda Za Ka Tantance Takardar Farashin Dila da Kalkuletar Wayarka

Idan kana yawan leƙa TikTok ko Instagram, da wuya ka rasa cin karo da irin bidiyon nan: matashi a Houston ko Atlanta ko Bronx ya fito daga wurin dilan motoci da sabuwar jif, ko ledar kujeru ba a cire ba, yana cewa dala ɗari biyar da 'yan kai kawai yake biya a wata. Mu kuma da ke nan sai mu ɗauko waya mu fara juya kuɗin zuwa naira, mu ce ashe mota a can banza ce.

Abin da bidiyon ba ya faɗa shi ne, sau da yawa motar ba tasa ba ce. Haya ya ɗauko ta, irin hayar dogon zango da Amurkawa ke kira lis: ka riƙe mota wata 24 ko 36 ko 39, kana biya duk wata, wa'adi ya cika ka mayar da makulli. Kuma kuɗin watan da ya ambata shi ne lambar da ta fi kowace yaudara a cikin takardar da ya sa wa hannu.

Cikin masu bibiyarmu akwai waɗanda ke karatu ko aiki a can, akwai masu shirin tafiya, akwai kuma waɗanda ɗan'uwa zai turo wa hoton takarda ta WhatsApp ya ce "duba mini wannan, ka ga da kyau?" To yau za mu warware takardar nan layi-layi. Ba ka buƙatar komai sai kalkuletar wayarka.

Wa ke da motar, kuma me kake biya?

A harkar nan mutum uku ne, ko da yake biyu kawai kake gani. Akwai kai, akwai dila, sannan akwai kamfanin kuɗi da ke bayan fage. Galibi kamfanin kuɗin na masu ƙera motar ne, kamar Toyota Financial Services ko Ford Credit, wani lokacin kuma banki ne. Da zarar ka sa hannu, dila ya sayar wa kamfanin kuɗin motar ke nan, ya karɓi kuɗinsa ya fita. Kamfanin ne mai mota, sunansa ne a takardar mallaka, shi za ka riƙa biya.

Abu biyu ne ginshiƙin kuɗin wata. Na farko, faɗuwar darajar motar a tsawon lokacin da take hannunka. Na biyu, ladan kuɗin da kamfanin ya zuba ya saye ta, wanda a takarda ake kira kuɗin haya, amma lissafinsa lissafin kuɗin ruwa ne sak. Sai haraji ya hau kai, sai tarin ƙananan kuɗaɗe da za mu zo kansu.

Wanda ya riƙe wannan zai gane abin da mutane da yawa ke mantawa: tunda dila sayar da motar yake yi, farashinta abin ciniki ne ko da haya za ka ɗauka. Idan mai sayarwa ya ce maka ai a lis ba a taya mota, ba gaskiya ya faɗa ba.

Lambobin da za ka nema kafin komai

Ta farko ita ce farashin da kamfanin ƙera motar ya ba da shawarar a sayar, wanda ake taƙaitawa da MSRP. Yana manne a gilashin kowace sabuwar mota, domin tun 1958 dokar Amurka ta wajabta manna takardar. Har yau ana kiranta da sunan Sanata Mike Monroney na jihar Oklahoma, wanda ya kawo ƙudirin. Ka ɗauki hotonta da wayarka. Ka kuma lura, wasu diloli kan manna wata ƙaramar takarda tasu a gefe mai ɗauke da ƙarin kuɗi. Wannan ta biyun ba ta kamfani ba ce, ta dila ce.

Ta biyu ita ce farashin da kuka daidaita a kai, wato kuɗin da dila zai sayar wa kamfanin kuɗi motar. A kan wannan ake ɗora duk wani kuɗi da ka yarda a cusa cikin yarjejeniyar, sannan a cire kafin alƙalamin da ka bayar da rangwamen kamfani idan akwai. Abin da ya rage shi za mu riƙa kira jarin haya.

Ta uku ita ce ragowar daraja, wato ƙiyasin abin da motar za ta kai ranar da za ka mayar. Kamfanin kuɗi ne ke yanke ta, a matsayin kaso cikin ɗari na MSRP, ba na farashin da kuka daidaita ba. Dila ba ya iya taɓa ta, kai ma haka. Amma ka san cewa yawanta alheri ne gare ka: motar da aka ƙiyasta za ta riƙe kashi 62 na darajarta ta fi sauƙin haya a kan wadda aka ƙiyasta kashi 50, ko da kuɗinsu ɗaya a gilashi. Shi ya sa za ka ga jif mai tsada wani lokaci ta fi mai araha sauƙin kuɗin wata.

Ta huɗu ita ce wadda ake ɓoyewa, suna kiranta mani fakto. Wata 'yar ƙaramar lamba ce mai sifili biyu a gaba, kamar 0.00225. Idan ka ninka ta sau 2,400 za ta ba ka kusan adadin kuɗin ruwa na shekara. Misali 0.00225 sau 2,400 ya ba da 5.4, wato kashi 5.4 cikin ɗari. Ita kuma 0.00275 ta ba da 6.6.

A nan akwai wani giɓi a doka da ya kamata ka sani. Dokar tarayya ta 1976 kan bayar da hayar kaya ga ɗaiɗaikun mutane, tare da ƙa'idar aiwatar da ita da ake kira Regulation M, ta tilasta a rubuta maka jarin haya, da ragowar daraja, da jimillar kuɗin haya, da abin da za ka biya ranar sa hannu, da jimillar abin da za ka biya zuwa ƙarshe. Amma ba ta tilasta a faɗa maka mani fakto ba. Sai ka tambaya. Idan an ƙi faɗa, kana iya tono ta da kanka: ɗauki jimillar kuɗin haya da aka rubuta, raba da adadin watanni, sannan ka raba abin da ya fito da jimillar jarin haya da ragowar daraja. Lambar da ta fito ita ce.

Me ya sa ake ɓoye ta? Saboda kamfanin kuɗi yana bai wa dila lamba ta asali gwargwadon makin bashinka, amma ya ba shi damar ƙara wani abu a kai, ribar ƙarin kuma dila na samun rabonsa. Ba haramun ba ne a dokarsu, amma ba dole ba ne ka yarda. (Wani abokin aiki ya taɓa tsokanar cewa ba banza ba sunan mai sayar da mota ya zo daidai da na dila sarkin wayon dawa. Ba duka ba ne dai, amma ka je da shirinka.)

Mu buga lissafi

Lambobin da ke tafe misali ne na ƙirƙira don a ga yadda abin ke aiki, ba farashin wata takamaimiyar mota ba ne.

A ce jif ce mai MSRP dala 40,000. Haya ta wata 36, iyakar tafiya mil 10,000 a shekara, ragowar daraja kashi 60, wato dala 24,000. A ce kuma jihar tana karɓar harajin kashi 7 a kan kuɗin wata.

Ga takardar farko da dila ya miƙo. Ya bar motar a dala 40,000, bai rage ko sisi ba. Ya ƙara dala 1,500 na kayan ƙari. Ya sa dala 700 kuɗin buɗe yarjejeniya, da dala 600 kuɗin takardu. Jimilla 42,800. Ya ce ka ba da kafin alƙalami dala 4,000, sai jarin haya ya koma 38,800. Mani fakto kuma 0.00275.

Faɗuwar daraja: 38,800 a cire 24,000, saura 14,800. A raba da 36, ya ba da dala 411.11 a wata.

Kuɗin haya: a haɗa 38,800 da 24,000, ya ba da 62,800. A ninka da 0.00275, ya ba da dala 172.70 a wata.

A nan mutane kan tsaya su ce, ya za a haɗa su maimakon a cire? Dalilin shi ne, kuɗin kamfanin da ke cikin motar yana farawa ne daga 38,800 ya riƙa raguwa har ya sauka a 24,000. Matsakaicinsa shi ne ka haɗa biyun ka raba biyu. Sannan kuɗin ruwan shekara ana raba shi 12 don a sami na wata. Raba biyun nan da raba 12 ɗin nan an riga an dunƙule su cikin mani fakto, biyu sau 12 kuwa 24 ne. Daga nan 2,400 ɗin ta samo asali, idan aka ƙara sifili biyu na kaso cikin ɗari. Babu wani siddabaru.

To 411.11 da 172.70 sun ba da 583.81. Haraji kashi 7 ya ƙara 40.87. Kuɗin wata ya tashi dala 624.68, a ce 625.

Amma ba nan lissafi ya ƙare ba. Ranar sa hannu za ka ajiye 4,000 na kafin alƙalami, da 280 harajin da jihohi da yawa ke ɗorawa a kansa, da 625 na watan farko, da a ce 400 na rajista da lamba. Dala 5,305 ke nan kafin ka tayar da mota. Saura wata 35 a kan 625, wato 21,875. Ranar mayarwa kuma a ce akwai 400 kuɗin karɓar mota. Gaba ɗaya dala 27,580. Raba da 36, sai ka ga ainihin abin da kake biya a wata ya kai dala 766, ba 625 ba.

Wannan lambar ta ƙarshe ita ce kaɗai ma'aunin da za ka kwatanta takarda da takarda da shi. Duk abin da zai fita daga aljihunka daga ranar farko zuwa ranar ƙarshe, a raba da watanni.

Yanzu ga takarda ta biyu, mota ɗaya, bayan an yi ciniki. An rage farashi zuwa 37,500. An cire kayan ƙari. Kuɗin buɗe yarjejeniya 700 da na takardu 600 suna nan. Jimilla 38,800, kuma babu kafin alƙalami ko sisi. Ka lura da abin da ya faru: jarin hayar daidai yake da na takardar farko. Ma'ana dala 4,000 ɗin da aka ce ka ajiye a can ba ta rage maka komai ba, ta tafi ne wajen cike ragin da ba a yi maka ba da kayan da ba ka nema ba.

An kuma mayar da mani fakto ta asali, 0.00225. Faɗuwar daraja tana nan 411.11. Kuɗin haya ya koma 62,800 sau 0.00225, wato 141.30. Jimilla 552.41, da haraji 38.67, kuɗin wata ya zama dala 591.08. Ranar sa hannu watan farko da rajista kawai za ka biya, kusan 991. Idan aka tara wata 36 da rajista da kuɗin mayarwa, an sami kusan dala 22,079, wato 613 a wata.

A ido, 625 da 591 ba su da nisa, bambancin dala 34 ne, kuma mai sayarwa zai so ka tsaya a nan. A aljihu kuwa bambancin ya kai kusan dala 5,500. Ƙarin 0.0005 ɗin nan kaɗai da aka yi wa mani fakto, wanda ko a ido ba ya cika, ya ci dala 31.40 a wata, fiye da 1,100 a shekara uku, kafin haraji.

Shawarata ita ce ka buɗe Google Sheets a wayarka tun kana gida, ka jera waɗannan lambobi a layi, ka sa dabarar lissafin sau ɗaya. Duk lambar da aka canza maka a ofis sai ka shigar ka ga inda ta kai ka. Idan lissafinka da na dila sun saɓa da fiye da dala biyu ko uku, akwai abin da aka cusa wanda ba a nuna maka ba. Tambayi mene ne.

Tarkacen kuɗaɗen: wanne ne dole, wanne ne na ganin dama

Kuɗin buɗe yarjejeniya na kamfanin kuɗi ne, galibi daga dala ɗari shida zuwa dubu da 'yan kai gwargwadon kamfani, motocin alfarma sun fi tsada. Ba kasafai ake yafe shi ba. Sai dai wasu diloli kan ƙara wani abu a kansa, don haka ka duba adadinsa na asali a shafin kamfanin kuɗin.

Kuɗin takardu na dila ne, kuma riba ce kawai aka sa mata suna. Wasu jihohi sun ƙayyade shi, a California bai kai dala 100 ba. Florida kuwa babu iyaka, za ka iya ganin wanda ya doshi dubu. Dila zai ce ba ya iya cire shi domin kowa yake caja. To shi ke nan, ya bar shi a takarda, ya rage daidai adadinsa daga farashin mota.

Rajista da lamba da haraji na hukuma ne, babu ciniki. Amma yadda ake karɓar harajin ya bambanta sosai. Yawancin jihohi a kan kuɗin wata suke ɗorawa kamar misalinmu. New York tana tara harajin dukan watannin ta karɓa tun farko. Texas kuma a kan cikakken farashin motar take lissafi, abin da ke sa haya a can ta yi nauyi. Saboda haka kada ka kwatanta takardarka da ta abokinka da ke wata jiha ba tare da cire haraji ba.

Kayan ƙari su ne inda ake yanka mutane. Iskar nitirojin a taya, zana lambar mota a gilashi, man kare fenti, feshin kare kujeru, na'urar bin sawun mota da dila ya riga ya liƙa. Ka tambayi kanka, motar da za ka mayar bayan shekara uku, kuma tana ƙarƙashin garantin kamfani kusan duk tsawon lokacin, me za ka yi da ƙarin garanti na shekara bakwai? Idan an ce an riga an saka ba a iya cirewa, ka ce ba kai ka ce a saka ba. Akwai wani dilan a gaba.

Abu ɗaya da ya cancanci ka tsaya a kansa shi ne inshorar cike giɓi, wadda suke kira GAP. Idan mota ta yi haɗarin da ba ta gyaruwa, ko aka sace ta, kamfanin inshora darajarta ta ranar zai biya, wadda kan gaza abin da kamfanin kuɗi ke bi. Wannan inshorar ce ke cike tsakani. Yarjejeniyoyi da yawa sun riga sun ƙunshe ta, wasu kuma babu. Karanta ka gani kafin a sayar maka da abin da kake da shi. Idan babu, tambayi kamfanin inshorarka, sau da yawa ya fi na dila sauƙi.

Wannan ya kawo mu kan dalilin da ya sa ba na son babban kafin alƙalami a haya. Idan motar ta halaka a wata na uku, inshora kamfanin kuɗi za ta biya domin shi ne mai mota. Dala 4,000 ɗinka ta tafi, da wuya ka ga ko kaɗan daga ciki. A saye, kafin alƙalami yana zama rabonka a cikin motar. A haya kuwa kuɗin wata ne ka biya tun kafin lokacinsa. Gara ka bar kuɗin a asusunka ka riƙa cike kuɗin wata da shi, ko da zai ɗan ƙara maka kuɗin haya.

Mil nawa kake ci?

Iyakar da aka saba ita ce mil 10,000 ko 12,000 ko 15,000 a shekara. Mil 12,000 ya kai kusan kilomita 19,300, kamar ka je Legas daga Kano ka dawo sau tara. Da jin haka sai ka ce ya isa har ya yi yawa. Amma a garuruwa irin Houston ko Dallas, inda komai sai da mota, wanda ke tafiyar mil 25 zuwa aiki ya dawo, kwana biyar a mako, ya riga ya haura 12,000 a shekara kafin ya je masallacin Juma'a ko kasuwa.

Duk mil ɗin da ya haura ana cajinsa, galibi tsakanin santi 15 zuwa 30. Wanda ya ɗauki 10,000 amma yana cin 14,000, zai tara rarar mil 12,000 a shekara uku. A kan santi 25, dala 3,000 ke jiransa ranar mayarwa. Da tun farko ya zaɓi 15,000, abin da zai faru shi ne a rage ragowar daraja da kamar maki uku, wato dala 1,200 a motar misalinmu, a rarraba cikin watanni. Idan kana da tarihin tafiye-tafiyenka a Google Maps, duba shi ka ga gaskiyar abin da kake ci kafin ka zaɓa. Wanda kuma bai cinye nasa ba, yawanci ba a mayar masa da komai.

Ga masu tunanin su yi Uber ko Lyft ko kai saƙon abinci da motar don ta biya kanta: yawancin yarjejeniyoyin hayar mutum ɗaya sun hana aikin kasuwanci da ita, inshorar gida ma ba ta rufe shi, iyakar mil kuma za ta ƙare cikin 'yan watanni. Haka nan batun saka ta a jirgin ruwa a turo gida. Ba taka ba ce, fitar da ita ba da izinin mai ita ba laifi ne babba.

Makin bashi da tsaya wa wani

Farashin da ake tallatawa a talabijin da intanet na masu makin bashi mai kyau ne. Makin FICO yana tsakanin 300 da 850, kuma mafi ƙanƙantar mani fakto ta waɗanda suka haura 700 da wani abu ce. Sabon zuwa da bai da tarihin bashi a ƙasar zai ga an ba shi lamba mai tsada, ko a ce ya kawo wanda zai tsaya masa.

Idan kai aka roƙa ka tsaya wa wani, ka san cewa a idon doka ba shaida kake ba, mai biya ne kai. Ya yi latti wata ɗaya, makinka ne zai faɗi tare da nasa. Ya koma gida ya bar mota, kai za a bi. Zumunci da yawa ya lalace a kan wannan.

Fita kafin wa'adi ma tsada gare ta, domin ana iya bin ka mafi yawan abin da ya rage. Wasu kamfanoni na yarda ka miƙa hayar ga wani ta shafuka irin Swapalease, wasu ba sa yarda, wasu kuma sukan bar sunanka a ɗaure ko bayan ka miƙa. Ɗalibin da bizarsa za ta ƙare nan da wata 20 ba shi da dalilin sa hannu a kan wata 36. Kada kuma ka dogara da zancen cewa kana da kwana uku ka fasa. Ƙa'idar kwana ukun da ake ambata a Amurka ba ta shafi motar da ka ɗauka a wurin dila ba.

Kafin ka sa hannu, ka nemi farashin inshora da lambar motar. Kamfanin kuɗi zai buƙaci cikakkiyar inshora, sau da yawa mai iyaka sama da mafi ƙarancin da jiha ta wajabta, kuma ga matashi ɗan ƙasa da shekara 25 ko mai sabon lasisi, kuɗinta na iya yin kusa da kuɗin hayar kanta.

Ranar mayarwa

Za a duba motar. Ƙananan ƙarce-ƙarce na yau da kullum ba a caja, amma lotsawa babba, tsagewar gilashi, ƙonewar kujera ko tayoyin da suka cinye duk da kuɗinsu. Kamfanoni da yawa na ba da damar a duba ta makonni kafin wa'adi, don ka gyara a waje da sauƙi. Ka ɗauki bidiyon motar ciki da waje da lambar mil ranar da ka miƙa makulli.

Kana kuma da zaɓin saye a kan ragowar darajar da aka rubuta tun ranar farko, da ɗan kuɗin saye a kai. Wani lokacin wannan zaɓin kan zama riba. A 2021 da 2022, lokacin da ƙarancin ƙwayoyin lantarki na kwamfuta ya tsayar da masana'antun motoci, farashin motocin hannu ya yi tashin gwauron zabi, har mutane da yawa suka tarar motar da ke hannunsu ta fi abin da aka rubuta daraja da dubban daloli. Saboda haka kafin ka mayar, duba abin da Carvana ko CarMax za su taya, ka kuma duba ko kamfanin kuɗinka na yarda a sayar wa wani kai tsaye.

Wani gargaɗi ga masu koyo daga tsofaffin bidiyon YouTube: hayar motocin lantarki mai arhar gaske da aka yi ta nunawa a 2023 da 2024 ta dogara ne da rangwamen harajin tarayya na dala 7,500, wanda ya ƙare ranar 30 ga Satumban 2025. Duba ranar da aka ɗora bidiyo kafin ka ɗauki lambobinsa.

Su kuma motocin da aka mayar, da yawansu gwanjon diloli ake kai su, irin na Manheim, daga nan wasu su hau jirgi zuwa Kwatano ko Legas. Jif 'yar shekara uku mai ƙarancin mil da ka gani a wurin masu tokumbo, mai yiwuwa hayar wani ce ta ƙare.

Mu da ke gida fa?

Irin wannan hayar ta mutum ɗaya ba ta yaɗu a Najeriya ba. Akwai dokar hayar kayan aiki ta 2015, amma kamfanoni ne suka fi cin moriyarta. Abin da matasa suka fi sani shi ne karɓar adaidaita sahu ko mota a riƙa kai balas har a gama biya ta zama taka, da kuma tsarin ijara da murabaha na bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019. Wanda batun riba ya dame shi a kan hayar Amurka, ya kai wa malamin da ya san harkar kuɗi ainihin takardar ya karanta, domin hukunci na bin sharuɗɗan da ke ciki ne, ba sunan da aka sa mata ba.

Ma'aunin nan na tara komai a raba da watanni yana aiki a kan wayar da ake ba ka bashi a Farm Centre ko a manhaja. A ce waya ce ta naira 200,000, aka ce ka ajiye 60,000 sannan ka riƙa biyan 32,000 wata shida. Jimilla 252,000 ke nan. Ƙarin 52,000 ɗin ba a kan 200,000 yake ba, a kan 140,000 da aka ranta maka yake, kuma cikin rabin shekara, alhali bashin raguwa yake yi duk wata.

Ga wanda zai tunkari dila a makon nan, kada ka fara da zuwa. Tura saƙon imel ga diloli uku ko huɗu masu irin motar, ka nemi kowanne ya rubuto maka MSRP, farashin sayarwa kafin rangwame, rangwamen da ka cancanta, ragowar daraja, mani fakto, kowane kuɗi da sunansa da adadinsa, da abin da za a biya ranar sa hannu idan babu kafin alƙalami. Idan aka tambaye ka nawa kake so ka riƙa biya a wata, ka ce farashin mota kake magana tukuna. Wanda ya amsa da "shigo mu yi magana" ba tare da lamba ko ɗaya ba, ka wuce na gaba. Ranar sa hannu kuma ka buɗe imel ɗin a wayarka, ka bi takardar layi-layi, ka tabbata lambobin da aka buga su ne waɗanda aka turo maka.